Motar da ke tsayawa a bakin maƙabarta

Ban ga kabarin mijina ba ranar da anka rufe shi. A wurinmu mace ba ta bin gawa. Ina zaune a ɗakin uwarshi, can ƙauyensu, mata sun kewaye ni kowa da tata nasiha, na ji sawun maza ya fita zaure ya yi yamma har ya ɓace. Da sunka dawo, wata ta leƙo ta ce mani an rufe shi lafiya, ƙasa ma ta yi taushi. Iyakar abin da anka ba ni ke nan. Shekara da shekaru ina wanke wa mutum riga, rabona da makwancinshi labarin taushin ƙasa.

Ya bar gida a Buza, ya bar mota. Gidan ba ya magana. Ɗiyata tana aure a Tamaske, ƴaƴana maza suna Abijan cin rani, irin cin ranin da damina ke zuwa ta wuce ba a ga mai shi ba. Motar ce kaɗai ke amsa mani in na taɓa ta.

Tsohuwa ce, irin waɗanda ake kawowa daga Kwatano bayan wasu sun gama cin ƙuruciyarsu. Mai dogon baya, fara a da, yanzu launinta launin ƙasar Adar. Shi ya cire kujerun baya don buhunan albasa su samu wuri. Da ita muke ci. Mu gangara kwari wajen Allakai da safe, masu lambu su loda mana, mu hawo mu kai kasuwar Buza, wani lokaci har Madawa. Da ciwon sukari ya fara cin idonshi, har yana gaida jaki a bakin hanya, bai nemi direba ba. Ya kai ni wani fako a bayan gari, ya sauka, ya zagayo ya zauna gefe, ya ce, "Koma can. Bakinki ya fi kilakson ɗin mota ƙara, bari mu gani ko ƙafarki ta san wani abu."

A fakon nan na koyi tuƙi, ina zagi yana dariya. Da anka ce ba a ba da permi, takardar izinin tuƙi, sai mutum ya san alamun hanya, na shiga ajin karatun manya ina da jika, na zauna kan tabarma da guntun alli. Kada wani ya ce son ilimi ya kai ni. Mota ta kai ni.

Da na fita takaba bazara ta kankama, albasa ta isa cira. Wasu sun yi tsammanin zan zauna in jira abin da ƴaƴa za su aiko. Ni na haife su, na san su. Na ɗauki makulli na gangara.

Hanyar guda ce. In ka taso daga kwarin da lodi sai ka hau wani dogon tudu mai duwatsu, mota tana nishi, zafin inji yana dukan ƙafarka. A saman tudun ƙauyen su mijina yake. Kafin gidajen farko, a hannun hagu, akwai shingen ƙaya, bayanshi maƙabarta. Da safe da na wuce ta ban duba ba, na kafe ido a hanya kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya.

Da na dawo rana ta take tsaka. Na gama hawa, na zo daidai shingen, sai inji ya yi tsit. Ba tari, ba gargaɗi, kamar an busa fitila. Na murza makulli, batir da ƙarfinshi, yana ta juyi, amma ta ƙi kamawa. Na duba esansi, man mota, akwai. Na buɗe kapo, murfin inji, na tsaya ina kallon ƙarafa, su ma suna kallona. Tuƙi ya koya mani, da zuba ruwa, da canza taya. Cikin inji nashi ne, ko bayan ido ya tafi hannunshi yana gani.

Na samu inuwar wata bagaruwa a bakin hanya na zauna. Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi abin da na ƙi duba da safe.

Ban san abin da na yi tsammanin gani ba. Tsibin ƙasa ne da duwatsu, jeri-jeri, wasu da fasassun tukwane a kai, ba suna, ba alama. Ba kowa, sai ƙadangaru. Kusa da shinge akwai wani da ƙasarshi ba ta gama kwanciya ba, ja, bai daɗe ba. Na ce a raina wannan ne.

Na ce, "To, ga motarka ta mutu. Sai ka taso ka duba."

Ban yi kuka ba. Faɗa na yi. Na gaya mashi ya tafi bai nuna mani inda ake taɓawa ba. Na gaya mashi rufin ɗakin baya ya zube. Na gaya mashi duk zaman takaba ba wanda ya tambaye ni mi nake so, kowa yana gaya mani abin da ya kamata. Ina magana, iska mai zafi tana kaɗa ƙaya, har inuwar bagaruwa ta matsa ta bar ni cikin rana. Na tashi don kawai in ɗauko ruwa, na murza makulli ba da wata niyya ba. Ta tashi, lafiya lau, kamar ba ita ba.

Zuwa na gaba haka. Na bayanshi haka. Da safe in gangara ba ta cewa uffan. In na hawo da lodi, daidai shingen nan, sai ta yi shiru. Ban ce a wurin take tsayawa taki da taki ba, wata rana farkon shinge, wata rana kusa ga ƙarshenshi, amma ba ta taɓa wuce shi ba. Na kai ta wajen mai gyara a Buza, ya canza bujji, wato fulogi, ya busa abin da zai busa, ya zagaya gari da ita ya dawo ya ce ni ce ban iya hawa tudu ba. Na ce mashi na hau tudun nan tun yana tsotson yatsa.

Daga baya na daina jin haushi. Na fara sa tabarma a mota, da gorar ruwa, da ɗan goro. In ta tsaya, in sauka in shimfiɗa a gindin bagaruwa, in fuskanci jan kabarin nan. Wa zai ce mani wani abu? Ba ziyara na zo ba. Mota ta lalace, ina jiranta. Duk mako nake tara magana kamar yadda ake tara wanki. Wane ne ya rasu, wace ta haihu, yadda albasa ta faɗi, yadda ƙaramin ɗana ya kira sau guda ya ce layi ba shi da kyau. A gida ina yini ban buɗe baki ba sai in zan kori kaji. A nan nake jin muryata.

Amma ƙauye yana da ido. Mata masu zuwa rijiya sunka fara rage tafiya in sun zo kusa da ni, su gaida ni daga nesa, su ƙara sauri. Wata rana surukata, tsohuwar da ta haife shi, ta aiko da laya a rataya a madubi. Na rataya. Ta aiko da rubutu a yayyafa wa tayoyi. Na yayyafa. Anka yi sadakar waina ranar Juma'a. Mota ta ci laya, ta sha rubutu, ta tsaya inda ta saba.

Sai ga wan mijina a Buza. Shi ne babba a gidansu, dogo, mai ƙarancin magana, ban taɓa zama da shi ido da ido ba. Ya yi sallama ya tsaya a zaure.

"Uwar yara, magana ta kawo ni."

"Bismilla, Yaya, ga tabarma."

Bai zauna ba. Ya ce, "Motar ga tana tsayawa inda ba a tsayawa."

"Ƙarfe na, Yaya. Bai san inda ba a tsayawa ba."

"Ƙarfe na, amma ya san kushewar mai shi? Mi ya hana ta mutuwa cikin kwari? Mi ya hana ta mutuwa bakin kasuwa? Garin ga duka magana guda akai. Wasu sun ce ƙanena bai kwanta ba, shina riƙe da abinshi. Wasu sun ce ke shika kira. Inna ta bar cin abinci."

"In ni shika kira, ai ya san hanyar gida. Bai taɓa jin kunyar tada ni ba."

"Ki bar wasa da wagga magana."

Na dube shi. Zan faɗi gaskiya a kanshi, ba kwaɗayin mota ya kawo shi ba, bai ma san inda ake zuba mata ruwa ba. Tsoro ne. Mutumin da ya sa ƙanenshi cikin rami da hannunshi, kullum ana ce mashi bai kwanta ba.

Ya ce, "Motar ga rabon yara ta na gado, kuma ni sunka bar ma amanarta. In ta sake tsayawa wurin nan, ko sau guda, zan kira dillalan Ƙonni su ɗauke ta. Ta bar ƙasar ga, kowa ya huta, na ciki da na waje."

"Ni kuma in ci mi? Ƙayar shinge?"

"Ki dawo gida. Ɗaki na nan kusa ga na Inna. Ba mu gaza tuwonki ba."

Na san ɗakin. Na san yadda ake zama cikinshi, ana miƙo maka akushi ana duba ko ka gode. Na ce Allah ya kai shi lafiya. Da ya fita na zauna kusa da motar, na dafa ta, tana da ɗumi kamar dabba.

Abin da ban gaya mashi ba, ni ma maganar garin ta yi mani daɗi. Na yi karatu, na san ƙarfe ba ya jin kira. Amma mace da ke yini ita kaɗai, a ce mata wani yana riƙe mata mota don ta zauna kusa da shi, ba ta saurin cewa ƙarya ne.

Washegari na tafi Madawa ba lodi. Akwai wani mai garaji da mijina yake kai wa abin da ya gagari na Buza, ƙaton mutum mai tumbi, hannuwanshi kamar muciya. Ya gane motar tun kafin ya gane ni. Ya yi mani ta'aziyya, ya saurari inji, ya ce, "Hajiya, motarki lafiyarta lau."

"Ban je hajji ba tukuna, ka bar mani Hajiya. Kuma ba lafiyarta lau ba. Ba ni barin wurin ga sai ka ga abin da nika gani."

"Yaushe takan mutu?"

"In na hawo tudu da lodi, rana tsaka."

"In ta huta ta tashi?"

"Ta tashi."

Ya sosa gemu. Ya ja ta cikin rana, ya jingina kwali a gabanta don iska kada ta shiga, ya bar ta tana aiki, ya ba ni benci. Munka zauna, yana cin gyaɗa, ina kallonta. Ta daɗe tana gunaguni har na fara jin kunya. Sai ta yi tsit, irin tsit ɗin nan nata, a tsakiyar Madawa, ba shinge ba kabari, sai tsofaffin tayoyi da wani akurkin zabi.

Ya cire kwalin, ya murza makulli, ta ƙi. Ya ɗauki butar alwala, ya kwanta ƙarƙashinta da ƙyar, ya tsiyaya ruwa a wani wuri da ban gani ba. Ya ce, "Madam direba, murza."

Na murza. Ta tashi.

Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce, "Zo ki gaida aljaninki."

Na durƙusa na leƙa inda yake nunawa, can ƙasa, inda inji ya haɗu da akwatin witas, wato giya. Wani ɗan baƙin abu ne, bai fi babban yatsa ba, da waya a wutsiyarshi. Ya ce sunanshi kaftar. Aikinshi kallon juyin inji, shi ke gaya wa mota lokacin da za ta ba da wuta. In ya tsufa, zafi ya yi mashi yawa, sai ya makance, mota ta rasa mai gaya mata, ta tsaya. In ya huce ido ya dawo.

Na ce, "To mi ya sa sai bakin kushewa?"

Ya yi dariya har tumbinshi yana rawa. "Hawa na, Madam. Kin hawo tudu da buhuna, rana tsaka, a saman nan zafi ka kaiwa maƙura. Da masallaci na a wurin, da an ce salla takai. Da gidan mai tuwo na, da an ce yunwa."

Ya ga ban yi dariya ba, sai ya haɗiye sauran tashi. Ya tambaya wa ke kwance a wurin. Na gaya mashi. Ya ce Allah ya jiƙan shi, ya juya yana neman wani abu cikin akwatin ƙarafa da ban ga ya samu ba.

Ba shi da sabon kaftar, sai an nemo daga Ƙonni. Ya ce zai ba direbobin Buza su kawo mani, ba sai na dawo ba, don aikin ƙusa guda ne da waya guda. "Ni hannuna ba ya shiga sai na kwance rabin mota. Naki siriri na. Kwanta in gwada maki." Na kwanta a ƙasan garaji, mace mai jika, ya miƙo mani kile, ƙarfen kwance ƙusa, yana faɗi ina yi. Na kwance, na mayar, na sake kwancewa, na mayar. Ya ce, "Wallahi da kin zo da wuri da na ɗauke ki aiki." Na ce da ni zan ɗauke shi, kuma da tumbin nan ya ragu.

Saƙon ya iso tasha cikin ƴar leda. Na karɓa na ɗaure a bakin zane, na dawo gida, na aje shi cikin kwalla tare da ƴan kunnena. Na bar shi nan.

Kwanaki ina zagaya motar ban taɓa ta ba. Mai lambu ya kira ya ce albasa tana tsumayi, ko ya ba wani. Na ce gobe. Gobe ta yi na ce gobe. Ba aikin nake tsoro ba. Na san in na sa abin nan mota za ta wuce, in ban sa ba za a ɗauke ta. Ta kowace hanya gindin bagaruwa ya ƙare. Ina ta juya maganar ko akwai wata ƙofa da ban gani ba. Babu. Na share tsakar gida da ba ta yi datti ba. Na wanke tukwanen da ban dafa komai cikinsu ba.

Ranar jajibirin kasuwa, bayan na sha koko, na ɗauko wandonshi na aiki da ke rataye bayan ƙyaure tun yana da rai. Na sa, na ɗaure da igiya don ya yi mani yawa. Na rufe ƙofar gida. Na tokare tayoyi da duwatsu, na cire kan batir kamar yadda anka gwada mani, na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi.

A nan ƙasa duniya ƙarama ce. Warin baƙin mai, ƙasa tana zubo maka a ido, ƙarfe a gaban hanci. Na lalubo wayar, na danna ɗan harshen da ke riƙe da ita, ta fita. Na sa kile a kan ƙusar, ta yi gardama, na zage ta, ta saki. Da ta kusa fita sai ta suɓuce ta faɗa cikin rairayi. Na lallaba ko'ina ban ji ta ba. Ban san lokacin da na miƙa hannu waje na ce, "Haska mani nan" ba. Hannuna ya tsaya a buɗe cikin rana. Wata kaza ta zo ta leƙa shi ta wuce.

Na fito na ɗauko rariyar tankaɗe, na kwashi rairayin wurin ina tankaɗewa kamar garin tuwo, har ƙusar ta fito tana rawa a tsakiya. Na koma. Tsohon kaftar ya manne, sai da na murɗa shi hagu da dama ya zaro. Bakinshi duk garin ƙarfe ya lulluɓe, kamar gemun da bai ga aska ba, jikinshi ya tsage. Na goge ramin da tsumma, na tura sabon har ya zauna, na ɗaure ƙusa, ba da ƙarfi sosai ba don an ce roba ce tana fashewa. Na cusa waya na ji ta ce ƙas. Shi ke nan. Abin da ya hana tsohuwa cin abinci, ya tada gari, aikinshi bai kai daka fura ba.

Na mai da kan batir, na murza. Ta tashi. Amma ai kullum tana tashi a gida.

Na gangara kwari. Masu lambu sunka loda, na ce su ƙara, don in za a gwada a gwada da gaske. Na jira har rana ta take, ban yi wayon tashi da sanyi ba. Na kama tudu.

Labari ya riga ni. Tun daga nesa na hango mutane a gindin bagaruwata, wan mijina a tsaye da sandarshi, dattawa a zaune, wasu a kan duwatsu. Mota tana nishi, zafi yana dukan ƙafata kamar kullum. Na gama hawa. Ga farkon shinge. Ga jan kabarin. Ga tsakiya. Inji yana ta aikinshi, bai ko yi tari ba. Na wuce gabansu, na ɗaga hannu, wan mijina ya ɗaga sanda. Ga ƙarshen shinge, ga gidajen farko, ga rijiya. A madubi, ƙarƙashin layar surukata, na ga sun miƙe suna kakkaɓe riguna.

Na ci nasara. Mota ta zama tawa, ɗakin kusa da na Inna ya ci gaba da zama wurin aje buhunan gero. Na kai Buza, anka sauke kaya, na koma gida na zauna cikin mota a tsakar gida, da maganar mako guda a bakina ba inda zan kai ta.

A ƙauye sun ce rubutu ne ya yi aiki daga baya. Wasu sun ce sadakar waina. Ban yi gardama ba, tsohuwa ta koma cin abinci.

Bayan wani lokaci wan mijina ya same ni a kasuwa. Ya tsaya gefen mota yana duban buhuna, ba ni ba. Ya ce albasar bana ta yi kyau. Na ce ta yi. Sa'an nan ya ce, "Ba jan nan na bakin shinge ba na. Wancan wani baƙo na, makiyayi, hanya ta biyo da shi. Na ƙanena na can ciki, gindin aduwa, da fasasshen baƙin tulu a kai." Ya juya ya tafi kafin in ce komai.

Ashe duk zaman nan wani bawan Allah nake ba labarin rufin ɗakina. Allah ya jiƙan shi, ya yi haƙuri da ni, bai taɓa katse ni ba.

Yanzu na san wurin. Daga hanya ana hango kan aduwar, da ɗan baƙin tulun in ciyawa ta bushe. Makulli yana hannuna, ba abin da zai hana ni kashe mota in sauka. Amma in anka ga ta tsaye a bakin shingen nan, ba mai tambayar wa ya kashe ta. Za a ce ta koma, kafin la'asar an kira mutanen Ƙonni. Don haka ba na tsayawa. In na gama hawa sai in bar ta cikin witas ta ɗaya, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, in sauke gilashi. Abin da zan gaya mashi dole ya zama daidai tsawon shingen. Na koyi zaɓe, abin da ban taɓa iyawa ba yana da rai.

Tsohon kaftar yana cikin aljihun mota, tare da goro. Makon jiya da na zo daidai aduwa na yi sallama, na ce an gyara rufin, ƙaramin ya kira, kuma wandonka ya yage a gwiwa. Akwai saura, amma shinge ya ƙare, na sa witas ta biyu.